Sanarwa: haska taro kai tsaye da kyamarar tsaro

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ga masu tambayar hanya mai rahusa ta haska taro a intanet: kyamarar tsaro ta IP (mai aika hoto ta hanyar sadarwar kwamfuta) ta wadatar, muddin tana fitar da RTSP, wato tsarin da kyamara ke tura bidiyo kai tsaye zuwa wasu manhajoji. Ku tabbatar kafin ku saya, don wasu sai a manhajarsu kaɗai suke nuna hoto.

Ku jona ta da kebul a rauta (na'urar raba intanet) ɗaya da kwamfutar da za ku haska da ita, don Wi-Fi kan yanke. Ku ba ta adireshin IP na dindindin, in ba haka ba rauta na iya sauya shi, hoto ya ɓace. A OBS Studio, manhajar haskawa ta kwamfuta wadda kyauta ce, ku ƙara Media Source, ku cire alamar Local File, ku liƙa adireshin RTSP ɗin.

Sauti ne ke ba da wahala. Makirufon kyamarar hayaniyar ɗaki yake kwasowa, gara ku ɗauko murya daga na'urar lasifika. Hoto kan makara, don haka wani ya tafa a gaban kyamara, ku jinkirta sautin a Sync Offset har su daidaita.

Ga hoto mai ingancin 720p ku saita saurin bidiyo (bitrate) a OBS zuwa 3000 kbps, ƙarfin turawa na intanet ɗinku kuma ya kai 5 Mbps. Sabon asusun YouTube kuwa kan jira har awa 24 kafin ya fara haskawa, ku kunna damar haskawar a asusun tun da wuri.