Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Itace, Buntu da Man Inji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu da yayyenmu manoma, iyayenmu mata masu sana'ar gumi, da 'yan kasuwar da ke ɗaukar shinkafa daga wurinmu zuwa Hadejia, Gujungu da Dawanau, muna gaishe ku da aiki, muna kuma yi muku barka da kaka. Mun rubuto ne domin mu sanar da ku cewa daga girbin bana gidan casarmu da ke nan ƙasar Auyo ya daina hura wutar gumi da itace, ya koma kan buntun shinkafa. Tun da sauyin zai taɓa aljihun wasunku da lokacin wasunku, ya dace ku ji dalili daga bakinmu.

Mu mutanen bakin Kogin Hadejia ba sai an karanta mana sauyin yanayi a takarda ba. A damunar 2022 ruwa ya ci gonaki da gidaje a Auyo, Kafin Hausa, Miga da Ringim, mu ma ya shigo mana har cikin sito, kuma da ya janye muka tarar buhunan shanshera da kuka ba mu ajiya sun tsiro ta jikin ɗinki, fari fat da saiwa. Wasunku da buhunan nan suka yi niyyar aurar da 'ya'ya. Ciyawar kachalla ta toshe hanyoyin ruwa, yashi yana cike kogi, can arewa kuma wajen Maigatari da Babura rairayi ne ke matsowa. Duk gonar da aka sare marke da kirya da gawon da ke cikinta, iska da ruwa ne ke kwashe ƙasarta, kuma mun san rabon da tukwanenmu suka ci a cikin wannan sara.

Gwamnati ma ta ɗauki matakai. A 2021 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar sauyin yanayi, kuma a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a Glasgow a shekarar ya yi alkawarin Najeriya za ta daidaita hayaƙin da take fitarwa da wanda ake shanyewa kafin 2060. Jigawa da Kano suna cikin jihohi 11 da shirin kafa gandun itatuwa na tare hamada ya ratsa, sannan gwamnatin jiharmu ta hana sare itace ba tare da izini ba. Maganar da aka yi a Abuja da ƙasar waje, a kan hanya take iso mana, inda jami'an gandun daji da 'yan sanda ke tsayar da motocin itace da gawayi suna neman takarda. Dattijon da ya shekara da shekaru yana kawo mana itace an tare shi a wani shinge, aka sauke lodinsa, ya kwana biyu yana bin motarsa, mu kuma shinkafar da muka jiƙa ta wuce lokaci a cikin ruwa har ta fara tsami.

Ba mu ga laifin dokar ba, domin daji ya ƙare kuma dole a tsare abin da ya rage. Abin da ke damunmu shi ne nauyinta ya fi sauka a kan mai jaki da mai amalanke, waɗanda ba su san ma inda ake yankar takardar izini ba, alhali manyan dillalan gawayi sun san ƙofar da ake bi. Uwar gida a ƙauye kuma, wadda tukunyar gas ta fi ƙarfinta, da me za ta dafa tuwon dare? Muna roƙon hukuma ta kawo wurin karɓar izini kusa da jama'a, ta wadata mutane da irin dashe da murhu mai tsimin itace, kafin kame ya yi yawa. Amma mu da Allah ya hore wa abin da za mu ƙona a madadin itace, ba mu da hujjar ci gaba da saye.

Ga kuma batun mai. Tun ranar 29 ga Mayu, 2023 da Shugaba Bola Tinubu ya ce an cire tallafi, litar fetur da ba ta kai naira 200 ba ta yi ta hawa har ta haura naira 1,000 a wurare da yawa cikin 2024, kuma masu noman rani a cikinku sun fi mu sanin abin da injin ban-ruwa ke sha. Wutar lantarki ba abin jingina ba ce, kun ga yadda Arewa ta shafe kwanaki cikin duhu a Oktoban 2024. Shi ya sa muka sa wa rijiyar burtsatsenmu na'urar hasken rana. Injin casa dai zai ci gaba da shan dizal, domin farantan hasken rana da baturan da za su ɗauke shi sun fi ƙarfinmu a yanzu.

Buntu ba ya ci kamar itace. Idan aka tula shi sai ya shaƙe wutar ya yi ta hayaƙi, don haka maƙerin garinmu ya ƙera mana murhu mai karkataccen raga, inda buntun ke gangarowa kaɗan-kaɗan iska na shiga ta ƙasa. Sai an tsaya a kansa ana zungura, ana kwashe toka, kuma yaranmu har yanzu koyo suke yi. Saboda haka a makonnin farko gumi zai ɗan fi daɗewa, muna roƙon iyayenmu mata su yi mana haƙuri, su kuma daina zuwa da itacensu, domin ba za mu ƙara karɓa ba ko da a madadin kuɗin aiki ne. Tun da rana ce ke jawo ruwa, duk mai son a jiƙa mata shinkafa ta kawo kafin la'asar.

Masu kiwon kaji da magina da suka saba kwasar buntu kyauta, ku yi mana afuwa, daga yanzu sai abin da ya yi saura. Tokar kuwa kyauta ce ga duk manomin da zai kai gona. Kuɗin casa yana nan yadda yake har ƙarshen kaka, na gumi kuma mun rage shi daidai da abin da muke kashewa a itace, kuma mun manna sabon farashin a bakin ƙofa. Dattijon da ke kawo mana itace mun ɗauke shi aikin jigilar buhuna daga gona.

Duk mai gidan casa ko mai gumi a gida da ke son ganin murhun ya zo ranar kasuwa da hantsi, lokacin da wuta ke ci, za mu nuna masa ma'auninsa, mu haɗa shi da maƙerin.

Allah ya sa albarka a amfanin bana, ya kiyaye mu daga ambaliya da fari.

Naku,
Masu kula da gidan casar shinkafa, ƙasar Auyo, Jihar Jigawa