Rahoton Ayyukan Shekara ga 'Yan Ƙungiyarmu ta Mata Masu Saƙa da Rini

Assalamu alaikum iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu. Ga abin da Allah Ya nufe mu da yi daga kakar bara zuwa ta bana.

Aikin da ya fi cin ƙarfinmu shi ne karan dafi, dawar nan da ake samun jan rini daga ɓawon karanta. Kun san irinsa ya kusa ɓacewa a ƙauyukanmu na ƙasar Gumel tun da galura ta cika kasuwa, don manomi ba ya son ba da kunyar gonarsa ga dawar da ba don tuwo ake shuka ta ba. Da bazara muka bi gida-gida muka samo iri a hannun tsofaffi, masu gidajenmu kuma suka bar mana gefen gona, Allah Ya saka musu. Bayan girbi aka ɓare ɓawon karan, aka shanya, aka daka, aka jiƙa da ruwan kanwa. Jan da ya fito a abawar darduma da kabar tabarma, wallahi ni dai rabona da ganin irinsa tun a ɗakin kakata. Ja ne mai duhu da kwarjini, ba mai kashe ido ba. An ware irin baɗi, yana hannun shugaba, kuma ba na sayarwa ba ne.

Baƙi bai ba mu wuya ba, tunda bagaruwa na nan a bakin fadama, kashin maƙera kuma, wato dattin ƙarfen da ke raguwa a maƙera, kyauta muke samu. Rawaya kuwa saiwa ce, tana ta ƙara nisa a daji, shi ya sa muka rage amfani da ita.

A baba, mai ba da shuɗi, a nan ne muka sha kashi. Tukunyar farko ta mutu, zare ya fito fari-fari, ga asarar toka da katsi, wato lakar gindin marina da ake ƙonawa a sake amfani da ita. Sai muka tura wakilai marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Suka dawo da gyara: gaggawa ce ta cuce mu. Sai an bar baba ya kwana kwanaki ya nuna, ana motsa shi kullum. Zare kuma kore yake fitowa, iska ce ke mai da shi shuɗi, don haka a tsoma, a ɗaga ya sha iska, a sake tsomawa. Tukunya ta biyu ta yi kyau.

Kayanmu sun je kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, baƙi daga Nijar sun saya. Sai dai dillalai na taya su da kuɗin na galura, kuma abin da ya fi damuna, an samu waɗanda suka surka galura a cikin jansu don sauri. Don Allah a daina, darduma ɗaya in ta zuba a wanki duk mu za a zarga.

Zubin adashi yana tafiya daidai, littafin yana wurin ma'aji ga mai son dubawa. Taro na gaba bayan sallar la'asar ne ranar Asabar ta farkon wata, kowa ta zo da mazarinta da 'yar da take son a koya wa kaɗi.

Sakatariya