Sanya Fitilar LED a Injin Kwashe Dusar Ƙanƙara

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin 'yan uwanmu mazauna Kanada da arewacin Amurka, waɗanda ke ɗaura wa injin kwashe dusar ƙanƙara fitilar LED da hannunsu. Buƙatar ta gaskiya ce, domin a watan Disamba rana kan faɗi a Toronto kafin ƙarfe 5 na yamma, ga shi kuma dole magidanci ya share ƙofar gidansa cikin duhu, kusa da titin da motoci ke wucewa.

Abin da ya dame ni shi ne yadda mutane da yawa ke jona fitilar kai tsaye da wayar injin. Wutar da yawancin waɗannan injuna ke samarwa AC ce, wato wutar da ke kai da komowa a cikin waya, wadda aka tanada domin tsohon ƙwan fitila, alhali LED tana buƙatar DC, wato wutar da ke tafiya ta fuska ɗaya kawai, shi ya sa fitilar take ƙyaftawa, wani lokacin ma ta ƙone. Maganin ba shi da tsada: a sa rektifaya mai juya wutar daga AC zuwa DC, a haɗa da kafasita domin daidaita ta, sannan a ƙara fiyus da makunni. A kuma duba ƙarfin da injin ke bayarwa, domin wasu ba su wuce wat 18 ba, kada a ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu.

Mahaɗar wayoyi ma tana son kulawa, saboda narkakkiyar ƙanƙara mai ɗauke da gishirin da ake zubawa a titi domin narkar da ita tana cinye tagulla, kuma girgizar injin tana sassauta duk abin da ba a ɗaure tamau ba. A karkatar da fitilar ƙasa kaɗan, kada haskenta ya kashe wa direbobi ido.

Naka,
Wani mai karatu daga Ontario