Kafin a ja wa gida wuta, a fara gwada wayarin ɗinsa

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan wayarin ɗin gidaje da shaguna, tun da hunturu ya kawo kai, lokacin da gobara ke yawaita. Duk sanda wuta ta tashi a kasuwa ko a unguwa, abin da ake ji shi ne "NEPA ce ta kawo wuta da ƙarfi", a yi jaje a watse. Wani lokaci daga layi matsalar take, gaskiya ne. Amma sau da yawa tana cikin silin ɗinmu, tun ranar da aka ja waya.

Doka tana nan. Tun 2015 aka kafa hukumar NEMSA domin duba ayyukan lantarki da gwada su kafin a fara amfani da su, ita ce kuma ke ba masu aikin wayarin takardar shaidar ƙwarewa. A shekarar ce hukumar NERC, mai sa ido a kan harkar lantarki ta ƙasa, ta fitar da ƙa'idojin NESIS, waɗanda suka shimfiɗa yadda za a yi aikin. Don haka magidancin da ke jiran kamfanin rarraba wuta na KEDCO ya haɗa masa wuta a Kano, Katsina ko Jigawa yana da haƙƙin ya ce wa mai wayarin: ina takardarka? Abin takaici, mutum zai tsaya a kan mai tayil har yamma, amma bai san wace waya aka binne masa a bango ba.

Kowace waya da nauyin da take iya ɗauka. Mai kaurin milimita 1.5 ta fitilu da fanka ce, birekarta, wato makunnin da ke yanke wuta da kansa, amfiya 6 ko 10 (amfiya shi ne ma'aunin yawan wutar da ke bi ta waya). Mai 2.5 ta soket ce, idan layi ɗaya ne ya miƙe birekarta kada ta wuce amfiya 20. Esi da hitar banɗaki kowanne da layinsa shi kaɗai daga akwatin rarraba wuta, yawanci da mai milimita 4, murhun girki na lantarki kuma mai 6. Lissafin ba shi da wuya: wutarmu bolt 230 ce, butar dafa ruwa mai wat 2,000 tana jan kusan amfiya 9, hita mai wat 3,000 tana jan 13. A haɗa su biyun da dutsen guga a kan waya mai 1.5, wadda iyakarta ba ta wuce amfiya goma sha 'yan kai ba, sai robar jikinta ta yi ta dahuwa a hankali har ta bushe ta tsattsage.

Aikin bireka shi ne ta faɗi kafin waya ta yi zafi. Amma idan ta dame mu da faɗuwa, sai a kira yaro ya cire mai 20 ya sa mai 63, ko a naɗa silin waya mai kauri a gurbin fis. Daga ranar wayar bango ce ta zama fis ɗin. Bireka idan tana faɗuwa, kaya ne suka yi wa layin yawa ko kuma wani abu ya lalace, kuma shi ya kamata a nemo.

Ita kanta wayar sai an lura. Akwai wadda aka rubuta wa 2.5 amma cikinta bai kai ba, akwai kuma alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe. A fere bakinta a kankare da wuƙa: idan fari ya bayyana, a mayar wa mai shago abinsa. A duba alamar SON, hukumar kula da ingancin kayayyaki, da sunan kamfani a jikin robar, ba a jikin ledar naɗi kawai ba. Haka nan haɗin waya. Murɗa biyu a naɗe da salatef a jefa cikin silin shi ne mafarin gobara da yawa, domin haɗin da bai ɗaure ba yana zafi, ga ƙura, ga katako busasshe, ga ɓera. Kowane haɗi a yi shi cikin akwatinsa da maɗauri mai noti, waya kuma ta bi ta cikin bututu.

Inda na fi so a tsaya shi ne wayar ƙasa, wadda masu sana'a ke kira atin. Gidaje da yawa waya biyu kawai aka ja musu, ramin soket na uku fanko ne. Ranar da wayar wuta ta taɓa jikin firji ko injin rijiyar burtsatse, wutar ba ta da hanyar komawa ƙasa sai ta jikin wanda ya taɓa, kuma galibi mace ce da jiƙaƙƙen hannu ko yaro ba takalmi. Kada a ce ai akwai bireka. Bireka mai amfiya 20 ba ta faɗuwa sai wuta ta haura miliamfiya 20,000, alhali 'yan gommai kaɗan sun isa su rikita bugun zuciya. Waya take karewa, ba mutum ba. Mai kare mutum ita ce na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda wasu ke kira ELCB: tana auna wutar da ta fita da wadda ta dawo, da ta ga giɓi sai ta yanke nan take. Tana da ɗan maɓallin gwaji a fuskarta, a riƙa danna shi duk bayan 'yan watanni, idan ba ta faɗi ba a canja ta.

Sandar atin kuwa ta jan ƙarfe ce, a kafa ta can ƙasa inda danshi yake, a ɗaure wayar da maɗauri, a yi mata ɗan rami mai murfi yadda za a iya dubawa. Ƙasarmu ta Arewa tana bushewa ƙayau da rani, atin ɗin da ya yi kyau a watan Agusta yana iya zama hoto a watan Maris. Shi ya sa ake zuba gawayi da gishiri a ramin. Suna taimakawa, sai dai gishiri yana cin ƙarfe kuma ruwa yana wanke shi, don haka ƙara sanda ta biyu nesa kaɗan da ta farko a haɗe su ya fi dorewa. Na'ura ce ke faɗin ko atin yana aiki, ido ba ya gani.

Janareta da inbata dole su bi ta canjoba mai raba layin gida da na kamfani gaba ɗaya. Wanda ya soka wayar janareta a soket, wutarsa tana komawa kan falwaya, ta sami ma'aikacin da ya hau da tabbacin an kashe layi. Masu gini su ma su kiyaye: ƙa'ida ta hana gini a cikin mita 5.5 kowane gefe a ƙarƙashin manyan layukan wuta na 11kV da 33kV, mita 15 ga 132kV, mita 25 ga 330kV.

Roƙona ga magidanta shi ne kada su biya cikon kuɗin aiki sai an yi gwaji a gabansu an rubuta sakamakon: a auna ingancin robar waya da na'urar mega, kada awon da ta nuna ya gaza megom 1, a tabbatar atin ya isa kowane soket, a tabbatar makunni yana yanke wayar wuta ne, ba nutural ba, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a gwada RCD. Ga NEMSA da kamfanonin rarraba wuta kuma, su fitar da waɗannan ƙa'idoji da Hausa a rediyo, su haɗa kai da shugabannin kasuwanni irin su Kantin Kwari da Sabon Gari a bi rumfa rumfa a duba, a fara da layukan da ake sayar da yadi da katifa.

Wassalam.

Wani mai aikin wayarin,
Kano