Ya Kamata Mai Sharhin Kokowa Ya Saurari Koke

Ranka ya daɗe Edita,

Na karanta rahotonku kan 'yan kallo da ke zargin masu sharhin kokowar Takobin Ƙasa, babbar gasar kokowar gargajiya ta Nijar, da son kai. Mu a Tahoua, inda aka fara gasar a 1975, abin yana ci mana rai. A fadarmu na ga wani dattijo ya kashe rediyo don takaici: mai sharhi ya zuba wa ɗan wata jiha kirari, namu kuwa sunansa kawai ya ambata. Da muka buga waya gidan rediyon, sai aka katse mu.

Katse layi ba ya wanke kowa. Ina roƙon a ware minti 10 kowace yamma, mai sharhi ya saurari koke, a sake kunna muryarsa, in ya karkata ya amsa laifinsa.

Naku,
Mai karatu daga Tahoua