Darasin da ke cikin ƙashi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in yi tsokaci kan abin da injiniyoyi ke koya daga ƙashi. Wanda ya taɓa leƙa cikin fasasshen ƙashi ya ga ramuka kamar soso, wani babba wani ƙarami. Ga rashin nauyi, ga juriya.

Ƙarfen da aka ƙera da ramuka reras a jere kuwa, da tsaga ta kama sai ta bi layi ta zarce. In ramukan sun sha bamban, tsagar kan karkace, ta rarrabu, ƙarfinta ya ragu a hanya. Tunda na'urar 3D, wato injin da ke ƙera abu ta hanyar ɗora shimfiɗa kan shimfiɗa, na iya fitar da wannan siffa, ina ganin ya kamata masu ƙera sassan jirgin sama su rungume ta.

Naka,
Mai karatu