Wasiƙa kan diramar yaranka da abin da ya samu Ogunde

Assalamu alaikum mutumina,

Ya aiki, ya iyali, ya baƙunta? Nan kowa lafiya lau, Hajiya ma ƙafar ta yi sauƙi tana gaishe ka. Na saurari saƙonka har ƙarshe, wai ɗalibanka sun haɗa dirama a kan wani gwamna da ya kafa dokar hana dariya sai da izini, kai kuma kana cewa ai wasa ne wa zai kula. Haba malam, kamar ba kai ba. Zauna ka ji labarin Hubert Ogunde tukuna.

Mutumin nan Bayarabe ne, kuma abin dariyar shi ne ɗan sanda ne kafin ya ajiye kaki ya kafa ƙungiyar wasan kwaikwayo yana yawo da ita gari gari. A 1949 'yan sandan Turawan mulkin mallaka suka buɗe wuta a kan ma'aikatan haƙar kwal da ke yajin aiki a Iva Valley kusa da Inugu, mutum 21 suka mutu. Ogunde ya ɗauki maganar ya mayar da ita wasa mai suna Bread and Bullet, da ya kawo shi Kano a 1951 hukuma ta hana, aka kai shi kotu, kuma ka san a kan me aka ci shi tara? Wai ya liƙa fosta ba izini. Fosta fa! Ba wanda ya iya tsayawa ya ce ƙarya ya yi a kan waɗanda aka harbe, sai aka lalubo dokar manna takarda a bango.

Amma wanda ya fi burge ni na 1964 ne, lokacin Turawa sun tafi mu ne da kanmu. Awolowo yana kurkuku, Akintola wanda da can mataimakinsa ne yana kan kujerar firimiyan Jihar Yamma, sai Ogunde ya yi Yoruba Ronu, labarin wani sarki da na hannun damansa ya ci amanarsa ya sa aka ɗaure shi ya haye gadon. Bai kira sunan kowa ba ko sau ɗaya. Kuma a Ibadan ya yi shi, firimiya na zaune a cikin 'yan kallo, ka ga mai kaza a aljihu ai ba ya jimirin as, tun ba a gama ba ya tashi ya fice da mutanensa. Daga nan aka haramta wa ƙungiyar yin wasa a duk faɗin jihar, rediyo da talabijin na gwamnati suka daina sa faifansa, haka ya zauna wajen shekara biyu sai bayan juyin mulkin 1966 gwamnan soja Fajuyi ya ɗage takunkumin. Soja ne ya buɗe bakin da farar hula suka rufe, wannan kam har yau ban san ko in yi dariya ba.

Ni a ganina ba rubutun ne ke ba masu mulki tsoro ba. Jarida kowa shi kaɗai yake karantawa ya yi tsaki ya ajiye, amma a zauren wasa mutum ɗaruruwa ne za su kwashe da dariya lokaci guda, ka waiga ka ga ashe maƙwabcinka ma abin da ke ranka shi ne a ransa, to wannan waigen ne ba sa so. Dubi Kenya ma, a 1977 marubucin nan Ngugi wa Thiong'o ya yi wasa da harshen Kikuyu a ƙauyen Kamiriithu, manoma da leburori ne 'yan wasan, jama'a suka yi ta tururuwa, sai gwamnati ta janye lasisin wasan, shi kuma aka tsare shi shekara guda ba shari'a, a 1982 aka zo aka rushe dandalin gaba ɗaya. Alhali ya daɗe yana rubuta littattafai da Turanci masu zafi ba a taɓa shi ba.

Kuma kar ka ce baƙon abu ne a wurinmu. A wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da fadawansa, tafiyarsa da maganarsa da yadda yake yanke hukunci, yana kallo bai ɗaure kowa ba. Su sun san amfanin abin.

Don haka ku yi diramarku, wallahi ra'ayin ya yi kyau, amma dan Allah ka karɓi izinin zauren a rubuce da sa hannu da hatimi, haka na fosta, kar a sa sunan kowa kuma kar yaron da zai fito a gwamna ya sa irin hular wani da aka sani, tunda yaran mutane ne a hannunka. In kun yi a ɗauka a waya ka turo min, musamman wurin da za a kama mutumin da ya yi murmushi.

Ka gaida madam da yara. Sai na ji daga gare ka.

Naka har kullum.